Mijin Uwale na Takoradi

Duk wanda ya taɓa sayen cuku a kasuwar Dakoro ya san Uwale. Ita ce mai bakin nan da ba ya hutawa, in ka taya cukunta da arha ta raka ka da tsiya har bakin tasha. Shekara talatin tana sayen madara wurin Fulanin Korahane, tana shanya cuku a kan asabari. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji huɗu ta yi, Faransancin da ya rage mata bai wuce na gaida likita ba.

Ɗa guda Allah ya bar mata, Abdurrazak, direban babbar mota mai kai albasa Ghana. Can Takoradi ya auri wata Esi, suka haifi Amiru. Yaron na da shekara shida uban ya rasu a hatsarin hanya. Ranar da Esi ta kira, wannan ta yi kuka da Ingilishi, waccan ta yi da Hausa, har waya ta katse.

Abin da ya tsaya wa Uwale a rai ke nan: jinin ɗanta yana can bakin teku, ba ya jin ta, ba ta jin shi. In aka bari haka, wata rana zai manta yana da kaka.

Maƙwabciyarta Madam Aisata, mai koyarwa a kwaleji, ita ta nuna mata dabarar. Ka danna wata 'yar alama a waya, ka yi magana, ta maido maka da Ingilishi. Ta kuma zuba mata wasannin yara na Ghana a ciki.

"Inna, ki riƙa maimaitawa da ƙarfi, kada ki ji kunya."

Kunya? Uwale? Ai sai da unguwa ta gaji. Tana matse cuku tana ƙirga shi da Ingilishi, tana korar awaki da Ingilishi. In harshenta ya karkace wayar ta ƙi ganewa, ta zage ta tas: "Ke, 'yar banza, da ke nake!" Sannan ta sake gwadawa. Saƙon muryar da Amiru ya taɓa aikowa kuwa ta saurare shi ya fi sau ɗari, har ran da ta gane cewa yake haƙorinsa ya faɗi. Ranar kyauta ta ba wani Buzu cuku biyu.

Bayan wata takwas ta ce ya isa, da bakinta za ta yi wa jikanta magana. To, me kaka ke ce wa jika in ba tsokana ba? Ta gyara murya ta aika da Ingilishinta: "Mijina, ka bar ni da yunwa! Ina zanen sallata? Zan bar ka in auri wani!"

Ta ajiye waya tana dariya, tana jiran martani.

Shiru. Kwana ɗaya, kwana huɗu. Ran na tara sai ga saƙon Esi, a hankali, yadda tsohuwa za ta gane. Ta ce tun da Amiru ya ji saƙon yake kuka. Babansa ya tafi, yanzu kuma kaka ta ce za ta bar shi. Ta roƙi Uwale, don Allah, ta dakata da aiko saƙo.

Wayyo, Uwale! Ranar ko kasuwa ba ta je ba. Ita da ta sha wahalar wata takwas don ta jawo yaro, ga shi da bakinta ta kore shi. Madam Aisata ta ce ta kawo wayar ta rubuta mata bayani mai kyau.

"A'a, ɗiyata. Bakin da ya ɓata shi zai gyara."

Kwana biyu tana haɗa kalmomi, tana tambayar waya, tana sharewa. Abin da ta aika a ƙarshe duk a karye yake, amma nata ne. Ta ce: "Esi, ɗiyata, ki yi haƙuri. A garinmu kaka tana ce wa jika miji. Wasa ne. Wanda muke so ƙwarai shi muke yi wa. Kakar babansa ma haka ta yi masa. Amiru, ba ni tafiya ko'ina. Ina nan."

Ran Juma'a tana cikin ciniki wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, ta kara a kunne. Aka fara jin Esi tana raɗa wa wani abu, tana ƙunshe dariya. Sai ga 'yar murya, da Hausa wata iri, wadda daga ji a waya aka koyo ta:

"Matata! Ina tuwona?"

Uwale ta zauna daɓas a kan buhu. Ta saurara, ta sake, ta sake, hawaye na zuba tana dariya, tana "Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Esi, Allah ya saka wa Aisata, har ke ma 'yar banzar waya." Mai sayen cuku ya gaji da tsayuwa ya ce, "Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "Maigidana ne ke jin yunwa."