Wayata ta je Funtuwa, ni ban je jana'iza ba

Shekarar da aka yanke mana sabis a Faskari, wai don a gama da 'yan bindiga, wayoyinmu suka koma fasinjoji. Sai ka naɗi saƙon murya, ka miƙa wayarka ga direban da zai je Funtuwa. Can za ta kama sabis a aljihunsa, saƙonka ya tafi, amsa ta shigo, ya dawo maka da ita da la'asar.

Haka na ji rasuwar gwaggona da ta raine ni a Damari. A bakin tasha na kunna saƙon ɗanta, yana cewa in hanzarta, jiki ya yi tsanani. Saƙon da ke biye ya ce an riga an rufe ta.

Har yau abin na ci mini rai. Waɗanda suka yanke hukuncin suna ta yabon kansu a intanet, inda babu mai ganinsu a cikinmu. 'Yan bindiga kuwa ba su fasa zuwa ba, don sun san hanyar gidajenmu ba sai an kira su ba. Bakinmu kawai aka toshe, don kada kukanmu ya isa birni.