Hanyar Gungun Maɗaci

Duk wanda ya saba shiga mota a tashar Yelwa ya nufi Kontagora ko Koko, da wuya a ce bai taɓa zama bayan ƙeyar Ɗangana ba. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ga surutu kamar rediyo. A coci sunansa Filibus, amma in ka je tasha ka ce Filibus kake nema, sai dai a yi ta kallonka. Da karen mota ya fara, ya zama direban wani Alhaji, daga baya ya mallaki tasa, wata tsohuwar fijo fara wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai ta waje. Ya san hanyoyin ƙasar Yauri kamar yunwar cikinsa. Ya san inda kwalta ta ɓare, ya san gadar da ake rage gudu, ya san ƙauyen da in ka taka kaza sai an tara maka gari.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, kuma duk tasha an sani: Ɗangana ba ya shiga jirgin ruwa. To ka ji fa! Bagunge ɗan Bagunge, jinin mutanen ruwa, wanda aka yanke wa cibi a tsakiyar kogin Kwara, amma ko kwalekwale ya gani yana lilo a bakin gaɓa sai ya ja da baya. Abokan aikinsa Bagungen tudu suke kiransa. Yakan yi dariya tare da su, ya ce shi da taya Allah ya yi shi, ba da filafili ba. Amma abin yana cin sa a rai, kuma akwai dalili.

A Gungun Maɗaci aka haife shi, wani ɗan tsibiri da yake kudu da Wara. Yana goye innarsu ta rasu, aka binne ta a can. Ba a daɗe ba aka datse kogi a Kainji, aka kwashe mutanen gungun zuwa tudu, ruwa ya hau ya shanye gidaje da gonaki da kaburbura. Yayarsa Dudu, wadda lokacin ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, ita ta goya shi, ita ta yaye shi da kunu. Bai san wata uwa ba sai ita.

Kowace bazara, in ruwan tafki ya ja baya, babansu yakan ɗauki Dudu a jirgi su je su tsaya daidai kan kabarin. Masunta suna da hanyarsu ta gane wuri a kan ruwa. Tunda ba a kafa wa ruwa turke, sai mutum ya haɗa abu biyu a idonsa ta wannan gefe, ya haɗa biyu ta wancan, inda suka dace gaba ɗaya to nan ne. Ɗaya daga cikin alamomin kabarin shi ne kututturen maɗacin da gungun ya ci sunansa, kuma ba ya leƙowa sai ruwa ya janye sosai. Baban ya sha kiran Ɗangana ya zo a je da shi. Ina! Da ya ji an ambaci jirgi sai ya shige bayan rumbu. Baban ya rasu, tsofaffin gungun suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har ya zama duk duniya Dudu kaɗai ta san inda innar take.

Dudu ta auri wani ɗan kasuwar albasa a Yelwa, ta musulunta, ta haifi 'ya'ya, ta binne miji. Bara sai idonta ya fara dushewa. Aka kai ta asibiti, likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, magani sai dai ya rage masa sauri. Tana dawowa ta aika a kira mata ƙanenta.

"Auta," ta ce, "ka zo in kai ka ka ga Inna tun ina gani."

Ya ce to. Wallahi da zuciya ɗaya ya ce to ɗin. Amma sai injin mota ya fara wani kuka da shi kaɗai yake ji, ya kai ta gareji, aka kwance, aka ɗaura, aka sake kwancewa, har ruwan sama ya sauka, hanyar bakin tafki ta zama taɓo. Bana da sanyi ya wuce, zafi ya fara dukan kwano, ya rantse wa matarsa Rahila cewa wannan bazarar ba za ta wuce shi ba. Ya ce tunda idon Yaya yana tafiya, ba kabari kaɗai zai kai ta ba, sai ya zagaya da ita ta ga ƙasa, ta cika idonta kafin ya rufe.

Ɗangana ba mutumin takarda ba ne. Kan tabarma ya tsara tafiyar, da albasar miyar Rahila. Da yamma in ya dawo daga tasha sai ya jawo kwando ya zauna a tsakar gida. Babbar albasa ita ce Yelwa. Wata ja mai kauri Birnin Yauri, inda za su tsaya Yaya ta ga ragowar ganuwa, ta sha inuwar tsofaffin kukoki. Daga nan Ngaski, su kwana gidan wani abokinsa, don hanya yanzu ba a bari rana ta faɗi kana kanta. Sai Wara, a daidaita da ranar kasuwa, ta ga kwandunan kifi da jiragen da ke zuwa daga ƙetare. Can ƙarshen tabarma ya ajiye murfin tukunya a matsayin tafki, kuma bai cika kallon wajen ba.

Kullum sai albasa ta ƙaru. Yau ya tuna da wani ƙauyen Kambari mai kyan duwatsu, gobe ya tuna da wata fadama da shanu ke sauka kiwo, ya ce ai zunubi ne a wuce Yaya ba ta gani ba. In ya ƙara gari ɗaya sai ranar kasuwar Wara ta goce, sai a sake lissafi daga farko. Ran nan ya dawo ya tarar da giɓi a tabarma.

"Rahila! Ina Ngaski?"

"Tana cikin miya," ta ce daga madafa. "In kana sonta ka zo da tuwo."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauko wata ya maye gurbin, sannan ya ɗauki ƙarama ya ajiye ta can sama da Yelwa. Rahila ta fito tana goge hannu a zane, ta tsaya a kansa.

"Wagga kuma fa?"

"Shanga. Akwai ɗiyar ƙanen Baba da ke aure can, rabon Yaya da ita tun..."

"Haba, Baban Sunday! Shanga tana arewa, ruwa yana kudu. Kai da ka tsufa kan hanya ni zan gaya maka? Mutane sun gama sharar gona. Jiya ka ga hadarin da ya haɗu a gabas ko ba ka gani ba? Kana ta kewaye-kewaye, kuma ni da kai mun san abin da kake kewayewa."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Tsoron ruwan yake ji, tsoro na sosai. Kuma kunya ta hana shi faɗa, mutum da furfura a gemu. Ya yi ta juya albasar Shanga a hannu, daga baya ya tattara su duka a buhu, ya ce gobe zai kai wa Yaya ta gani, abin da ta zaɓa shi za a yi.

Da hantsi ya same ta zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Suka gaisa, ta tambayi Rahila da yara. Ya shimfiɗa tabarma a gabanta ya jera garuruwansa, bakinsa bai tsaya ba: ga inda za a karya kumallo, ga inda za ta yi sallar azahar, ga inda zai sa a gasa mata kifi. Dudu tana ta gyaɗa kai tana cewa madalla.

"To Yaya, Rahila ta ce Shanga ta yi nisa. In kin ga a cire, ki ɗauke ta da hannunki."

Dudu ta miƙa hannu. Hannun ya sauka a kan tabarma inda babu komai. Ta shafa dama, ta shafa hagu, ta ture Birnin Yauri ba ta sani ba, albasar ta gangara har bakin kwata. Fuskarta kuwa tana kallon saman kafaɗarsa, tana murmushi.

Ɗangana ya leƙa fuskarta.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "tun yaushe?"

Ta janye hannun ta mai da kan cinya. "Tun kafin azumi. Ina gane rana da inuwa, shi ke nan. Na hana yara su gaya maka."

"Don mi?"

"Don na san halinka. Da ka ji sai ka ce ai tafiya ta lalace, ka sami wurin fakewa."

Allah sarki Ɗangana. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe kai, hawaye na zuba kan garuruwan da ya ɓata bazara yana jerawa. Ganuwar da kukokin da kasuwar, duk don wa? Bara tana gani. Bara da ya tashi motar nan da ta nuna masa da yatsanta. Ya ce ya cuce ta, ya cuci kansa, yanzu wa zai haɗa alamomin?

"Kai, rufe mini baki," in ji Dudu. "Nawa idon ya ƙare, naka fa? Alamomin suna cikin kaina. Ni in faɗa, kai ka duba. Kwashe albasar mutane ka mayar wa Rahila. Gobe in na yi asuba ka zo, kuma ba Shanga, ba gidan aboki. Ka jiya?"

"Na jiya, Yaya."

Haka aka yi. Fijo ba ta yi kukan komai ba. Suka wuce Birnin Yauri ba su tsaya ba, Ɗangana dai ya rage gudu ya ce mata ga ganuwa nan ta hannun hagu, ta ce ta gaishe ta. Gonaki duk an share, an tara kara ana ƙonawa, sama ta yi nauyi. Bayan Wara suka saki babbar hanya suka bi ta ƙasa, mota na tsalle, har suka iso inda ruwa ya janye ya bar fili mai tsattsagewa. A nan suka sami wani masunci, Sadiq, ya yarda ya kai su.

Shigar Ɗangana jirgin nan abin kallo ce. Ya sa ƙafa ɗaya ya janye, ya sake sawa ya janye. Dudu da aka riga aka zaunar ta ce, "Ka shigo ko in sauko in goya ka, ba yau na fara ba." Masu wankin taru a gaɓa suka kwashe da dariya. Ya runtse ido ya faɗa ciki, ya ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu. Sadiq ya tayar da inji.

Da suka yi nisa Dudu ta ce, "Buɗe idonka, Auta, na san a rufe suke. Nemo kututture."

Ya buɗe. Ruwa ko'ina. Can ya hango wani baƙin abu ya leƙo, bai fi turmi ba.

"Ga shi, Yaya."

"Alhamdu lillahi. To duba gabas, akwai dutse mai tsagi a ka. Ku zagaya har kututturen ya zauna daidai ƙarƙashin tsagin."

Direba ai direba ne ko a ina. Ya shiga ba Sadiq hannu kamar mai gyara wa mota tsayuwa: dama kaɗan, ya isa, dawo baya. Kututture ya shiga ƙarƙashin tsagi.

"Yanzu waiga yamma. Giginya biyu a kan tudu, doguwa da gajera. Ku bi layin nan a hankali har doguwar ta ɓoye gajerar."

Ya ɗauka an daɗe da sare su. Sai ga su can, sirara, a tsaye. Jirgi ya yi ta matsawa, suna kusantar juna, suna kusantar juna, har suka zama ɗaya.

"Tsaya!" Ɗangana ya daka tsawa. Sadiq ya kashe inji. Wurin ya yi tsit, sai ruwa na ɗan dukan katako.

"Mi kake gani?" in ji Dudu.

Ya duba inda suka tsaya. Ba tudu, ba dutse, ba komai. "Ruwa ne kawai, Yaya."

"To nan ne. Sake duban alamomin da kyau, don daga yau kai ke riƙe da su."

Ya duba gabas, ya duba yamma, ya sake dubawa har suka zauna masa. Ya cire hularsa. Ya buɗe baki zai yi addu'a, abin ya ƙi fita, don kalmar da ke kan harshensa, wato Inna, bai taɓa kiran kowa da ita ba. Dudu ta lalubo wuyan hannunsa, ta ɓamɓare yatsun daga jikin katako ɗaya bayan ɗaya, ta ja hannun ta tsoma shi cikin ruwa tare da nata. Ta sunkuya, ta yi magana a hankali kamar mai tsoron ta da mai barci.

"Inna, ni ce Dudu. Ga jinjirin da kika bar mini, na kawo miki shi. Ki yi haƙuri, har ya yi furfura."