Ranar da Dagaci Ya Ɓuya a Bayan Tsamiya

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kudu, mu uku a motar ofis: shugabanmu safiyo mai awon ƙasa, da direba, da ni ɗalibi mai koyon aiki. Sabuwar jiharmu ta Jigawa na son gina ƙananan gadoji, aka tura mu auno faɗin wani rafi a yankin Kwandiko. Hanya duk ramuka, don haka na rungume akwatin madubin awo a cinyata. A Gwaram muka karya da koko da ƙosai. Mai kokon na ganin motar gwamnati, farashi ya tashi.

Damina ce, rafin ya cika. Dagaci ya tarye mu da jama'arsa. Sun san in faɗin ya wuce abin da ƙaramar gada za ta iya, wani gari za a kai aikin, su ci gaba da ratsa ruwa da marasa lafiya a kafaɗa.

A cikin madubin akwai siraran layuka biyu, sama da ƙasa. Mutum zai tsaya a ƙetare da sanda mai lambobi. Tazarar lambobin sandar da ta faɗo tsakanin layukan, in an ninka ta ɗari, ita ce nisan. Wani dattijo ya ratsa ruwa har ƙirji ya riƙe mana sandar.

Na duba, na lissafa, faɗin ya wuce iyaka da kaɗan. Shugaba ya fara naɗe takardu. Da na sake leƙawa sai na ga dattijon a rusune yake, sandar ta karkata tare da shi. Yana fuskantar dagacinsa, ba zai iya tsayawa ƙyam ba. Sanda kuwa in ta karkata, nisa ƙaruwa yake yi.

Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na durƙusa gaban dagaci, na ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka ɗan koma bayan tsamiyar can?"

"Ni zan ɓuya a garina, samari?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariya, ya tattara babbar rigarsa yana cewa, "In don gada ne, ko rijiya sai in shiga."

Dattijo ya miƙe, sanda ta tsaya sak. Faɗin ya dawo cikin iyaka. Shugaba ya leƙa da kansa, ya sa hannu.

Da la'asar muka iso gida da kyautar ɗanyar masara. A makaranta an koya mana karanta layukan nan da kyau. A Kwandiko na gane sai na duba mai riƙe da sandar ma, da wanda yake jin nauyinsa.