Na Aro Kujeru Ranar Da Ya Kamata A Ga Tabarmarmu

Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, na gama sakandaren gwamnati, ina tsaron wani shagon fotokwafi a cikin gari. Ni mutum ce mai baki da gajen haƙuri, ba na bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa, shawara kuwa ba na nema. A Tudun Wada muke haya, ciki da falo, ni da Baba da ƙanwata. Mama ta daɗe da rasuwa. Baba keke mai ƙafa uku na wani yake ja kafin hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, daga nan komai ya dawo kaina. Ƙawayena duk sun watse, wasu aure, wasu jami'a. Daga shago sai gida.

Ƙanwata ta gama firamare, kuma kanta yana ja sosai. Na sa a raina sai ta yi makarantar kuɗi. Na zaga makarantu ni kaɗai, duk inda aka miƙo min takardar kuɗin zango sai in ninke in kama hanya. Daga baya na ji labarin wata a Daɗin Kowa da ke ɗauke wa yara ƙalilan kuɗin makaranta idan sun ci jarrabawar shiga. Na kai ta, ta ci, amma ni kaɗai aka gaya wa sakamakon. Aka ba ni fom na neman tallafi, aka ce wasu mata biyu daga kwamitin makarantar za su zo su ga gidanmu.

A nan na yi ɓarnar. Fom ɗin yana da bayani a shafin ƙarshe, ban tsaya karantawa ba. A tunanina makarantar 'ya'yan manya ce, za su zo ne su duba ko mu mutanen kirki ne da za a iya haɗa 'yarmu da nasu. A wurin sana'ar uba na rubuta da Turanci cewa harkar sufuri yake yi. A wurin rashin lafiya a gida na ja layi. Ana gobe za su zo, na shiga wajen maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi, muna ce mata Madam, na ari kujerun falonta da talabijin da labule. Ta tambaye ni da Hausarta ko miji ne zai zo, na ce mutanen makaranta ne. Ta riƙe baki ta fara cewa ai irin waɗannan wahala suke zuwa gani. Na katse ta, na ce idan ba za ta ba ni ba ta faɗa, ban zo jin lacca ba. Ta ce to oga, kwashe.

Na naɗe tabarmarmu na cusa ƙarƙashin gado. Na soya dankali da ƙwai, na sayo lemon kwalba. Na tura ƙanwata gidan Madam don kada ta yi suɓul da baka. Baba kuwa na kwantar da shi a ciki na ja ƙofa. Ya ce min yana so ya gaisa da baƙin, na ce ya huta kawai. Har yau ban manta yadda ya juya fuskarsa bango ba.

Babbar cikin matan dattijuwa ce 'yar Filato, mai sanyin murya. Ta zauna a kujerar Madam tana kallon talabijin ɗin Madam, ta tambaye ni ina Baba. Na ce ya fita. Ta tambayi yadda muke fama, na ce alhamdu lillahi, akwai rufin asiri. Ta sake juya tambayar, tana ce min 'yata, ta ce ko akwai wani abu da ya fi ƙarfinmu. Sai raina ya ɓaci, na ce mata mu ba mabarata ba ne, ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sha ba. Ta yi ɗan rubutu, suka sha lemo, suka tafi. Ni kuwa ina mayar da kujeru ina jin na fitar da gidanmu kunya.

Bayan mako biyu takarda ta fito. An ɗauki ƙanwata, amma babu tallafi, sai mu biya duka. Na garzaya makarantar na sami dattijuwar, na zazzage mata gaskiya, har da batun kujeru. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce sau uku ta buɗe min ƙofa ina rufewa da bakina, kuma gurbin an riga an ba wata yarinya da uwarta ta faɗi halin da suke ciki, ba za a ƙwace ba. Ta ce tallafin na masu shiga aji ɗaya ne kawai. Da ƙafa na dawo gida don kada a ga ina kuka a cikin keke.

Abin da ya fi ci na shi ne ban gaya wa kowa ba. Ƙanwata ta shiga makarantar gwamnati tana zaton makinta ne bai kai ba. Yarinyar da ke karatu har tana manta abinci ta daina buɗe littafi, ta ce tunda ta yi iya ƙoƙarinta ba ta ci ba, mene ne amfanin. Kusan shekara ina kallonta, muna kwana a shimfiɗa ɗaya, na kasa faɗa mata gaskiya. Ranar da na faɗa mata, sai ta tambaye ni ko da gaske ta ci. Na ce ta ci. Ta ce Anti, ai da wannan kaɗai kika gaya min.

Mun taso ana koya mana kada mu tona asirin gida, kuma ban ce hakan laifi ne ba. Amma wanda ya tako har ɗakinki don ya taimaka, ba shi ake ɓoye wa ciwo ba. 'Yan uwana masu neman wa ƙanne ko 'ya'ya irin wannan tallafi, ku karanta takarda har ƙarshe, ku saurari wanda ya fi ku sani ko da Hausarsa ba ta nuna ba, ku faɗi halinku yadda yake. Girman kan nawa ne, amma yarinya 'yar shekara goma sha biyu ce ta ɗauki nauyinsa.