Wankin Baba Birki

Sunan Birki ya samo shi ne tun yana tuƙa tankar mai, kuma ba don yana yawan taka birkin ba ne, don ba ya takawa ne. Direbobi 'yan'uwansa suka laƙaba masa, sunan ya biyo shi har gida, yaran gidan hayar da yake zaune suka ƙara masa Baba a gaba. Dogon mutum ne mai faɗin kafaɗa, kuma idan yana magana sai ka rantse inji ne a kunne kusa da shi, don shekarun da ya kwashe cikin rugugin mota sun taɓa masa kunne. Da idanunsa suka fara yi masa gardama a hanya, sai ya ajiye makulli da kansa tun kafin a ce ya ajiye. Ya dawo ya zauna da matarsa, wadda kowa ke kira Anti, a ɗakuna biyu na ƙarshen gidan, dab da famfo.

Wansa, wanda shi da Anti suke kira Yaya, sam ba su yi kama ba. Siriri ne, mai magana a hankali, fararen kayansa kullum a goge. Turare yake sayarwa a wani ɗan shago cikin kasuwa, kuma hancinsa ya yi suna a layin. Shi ya riƙe Birki bayan rasuwar iyayensu, shi ya kai shi wurin wani direba ya zama karen mota da ya ga karatu ya ƙi shiga. Har Birki ya yi furfura bai taɓa zama a kujera Yaya yana tsaye ba.

Matar Yaya ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya ce, malamar makaranta, tana aure a wani gari mai nisa. Saboda haka da aka yi masa aiki a mafitsara aka sallamo shi, Birki bai tsaya shawara da kowa ba, ya kwaso shi da akwatinsa ya sauke a ɗakinsa na biyu. Aikin ya yi kyau, ciwon ya tafi. Abu ɗaya ya rage: fitsari ya daina neman izini.

Da farko ƙunzugun manya irin na kemis suka saya, wanda ake sawa a yar. Fatar Yaya ta ƙi shi, cinyoyinsa suka yi ja suka fara saɓulewa. Nas ɗin da ke duba shi ta ce su gwada ƙunzugu na yadi, wanda ake wankewa a sake. Anti ta kai wa wani tela tawul-tawul da yadin auduga mai laushi, ya ɗinka su daidai ƙugun Yaya, da wandon roba na ɗorawa a sama. Kalmar ƙunzugu ta ƙi fita daga bakin Birki a gaban wansa, sai ya sa musu suna safaya, kamar tayar da ake ɗaurewa a bayan mota.

Safiyar farko Anti ce ta ɗauki bokitin wankinsu. Yaya ya hango ta ta taga tana tsugune a bakin famfo. Ranar bai taɓa abinci ba. Da Birki ya matsa masa, sai ya juya fuska bango ya ce, "Matar ƙanena? Ka mayar da ni asibiti, ko ka kai ni inda ba a san ni ba."

"Yaya, Anti fa 'yarka ce."

"Shi ya sa."

Kashegari Birki ya naɗe hannun riga ya ɗauki bokitin da kansa. Yana buɗe murfin zarni ya daki hancinsa, ya ruga bayan ɗaki ya amayar da shayin da ya sha. Ya kurkure baki, ya zagi kansa, ya dawo. Wankin da ya iya shi ne na tsumman gareji, don haka shi ya yi: tafasasshen ruwa, garin sabulu har kumfa ta rufe masa gwiwar hannu, sannan bilic. Ya shanya su cikin ɗaki a kan igiya, ya rufe ƙofa don kada idon maƙwabta ya gani.

Sukan fito fari fat. Amma da zarar Yaya ya sa sun ɗan jiƙe, sai wari ya taso wanda har ido yake yi wa yaji. Birki ya ƙara sabulu, abin ya ƙaru. Yaya kuwa ya buɗe akwatinsa ya dinga zazzaga musu turarukan da ya ɓoye don kansa, sai warin ya haɗu da ƙamshi suka zama wani abu na uku da ya fi kowanne muni. Wata rana Birki ya shiga ya same shi riƙe da kwalbar da ya fi so, babu komai a ciki.

"Ba ya rufuwa," in ji Yaya. "Na san ba ya rufuwa. Ni da nake faɗa wa mutane su yi wanka kafin su fesa."

Abokansa na kasuwa sun zo dubiya, ya ce a ce musu yana barci. Suka sake zuwa, ya sake barci, har suka ɗauke ƙafa.

Bayan wani lokaci Birki ya lura wankin ya ragu. Ya ji daɗi, har ya ce wa Anti jiki ya fara ɗinkewa. Anti ta dube shi ta ce, "Kai dai ka iya duba mota. Kofin ruwan da na kai masa da safe, je ka gani." Kofin yana nan cike. Ashe Yaya ruwa ya daina sha, don a ganinsa in babu abin da ya shiga babu abin da zai fita. Kafin su shawo kansa zazzaɓi ya rufe shi, ya fara kiran Birki da sunan mahaifinsu. Suka kwashe shi sai asibiti.

Nas ɗin nan ce dai, gajeriya mai faɗa. Da aka ɗaura wa Yaya ruwa ya dawo hayyacinsa, ta tsaya a kansu ta wanke su da faɗa duka biyun. Ta ce wa Yaya ƙin shan ruwa shi ke sa fitsari ya yi kauri, warinsa ya ninka, ga ciwo a kai. Sannan ta juyo kan Birki.

"Baba, yaya kake wanke su?"

Ya faɗa mata, har da ɗan alfahari.

"To dafa warin kake yi a cikin yadin," in ji ta. "Ruwan sanyi ne farko. Ana cirewa a ɗauraye, kada ya kwana a haka. Sabulun da kake zubawa kuma ba ya fita duka, shi ke riƙe zarnin. Kuma a ina kake shanyawa?"

"A ɗaki."

"Inna lillahi. Rana fa? Ta yi maka laifi ne?"

Birki ya saurare ta kamar yadda yake sauraron makaniken da ya yarda da shi. Ya sa ta maimaita, don kunnensa, ta maimaita.

Daga nan aikin ya samu tsari. Ana cire safaya sai ya kai ta famfo ya ɗauraye da ruwan sanyi har ruwan ya fito garau, ya matse, ya jefa a bokiti mai murfi. Da safe ya jiƙa su na ɗan lokaci da garin soda irin na masu gasa burodi, sannan ya wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan. Ɗauraya ita ce babban aikin. Yana yi yana sakewa har sai ya matse bai ga ko ɗigon kumfa ba. Lokaci-lokaci yakan ɗiga ruwan kal, mai tsamin nan na girki, a ɗaurayar ƙarshe. Wandon roba kuwa ba ya son zafi, a inuwa yake bushewa. Ya jefar da igiyar ɗaki, ya buɗe tagar Yaya, ya fitar da katifa ta sha iska.

Saura rana. Igiyar shanya ɗaya ce a tsakar gidan, kowa da kowa ke amfani da ita. Birki ya tsaya da bokiti a hannu yana kallonta kamar gadar da bai yarda da ƙarfinta ba. Can ya ce bismillah, ya jera su reras, ya danna musu maƙalai.

Matar wani kafinta da ke ɗakin farko ta fito da tsintsiya, ta tsaya. Yarinya ce mai barkwanci, ba ta da mugun nufi.

"Baba Birki, Anti ta haihu ne ba a gaya mana ba? Kai, wannan jariri ƙato ne!"

Tagar Yaya a buɗe take, kuma Birki ya san yana ji. Bai yi tunani ba, bakinsa ne ya riga shi.

"Nawa ne," ya faɗa da muryar nan tasa da ake ji har titi. "Tsufa ya zo, 'yata. Wanda ya yi shekaru yana riƙe fitsari a kan hanya, wata rana famfon sai ya saki."

Matar kafinta ta rufe baki da hannu, ta ce, "Wayyo Baba, yi haƙuri, Allah ya ba da lafiya," ta shige ɗaki da sauri.

Da ya shiga wurin Yaya ya same shi zaune a bakin gado.

"Ƙarya ka koma yi da furfurarka?"

"Wace ƙarya? Ni nake wankewa, ni nake shanyawa, ni nake ninkewa. In ba nawa ba ne na wa ne?"

Yaya ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da hawaye. Birki ya yi kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin gado har ta lafa.

Ko mutanen gidan sun yarda ko ba su yarda ba, babu wanda ya nuna. Suka dinga gaishe da Birki da jiki. Wata tsohuwa a ɗakin tsakiya ta haɗo masa jiƙon saiwoyi mai ɗaci a gora, ta tsaya a kansa sai da ya kurɓa a gabanta. Anti ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Bayan haka kuma aka riƙa bar masa gefen igiyar da rana ta fi daɗewa a kai, ba tare da an ce komai ba.

Ba kullum abin yake tafiya lami lafiya ba. Da damina ta kankama, rana ta yi wuya, safaya ta ƙi bushewa. Wata safiya ya ga saura ɗaya a busasshe, ga sama ta sake haɗowa, ga hannayensa duk sun tsage, sai ya yi jifa da bokitin ya ce shi fa ya gaji, shi ba ɗan wanki ba ne. Ya manta muryarsa ba ta iya sirri. Yinin ranar bai iya haɗa ido da Yaya ba. Da yamma ya shiga ya durƙusa, Yaya ya ce, "Tashi. Wanda bai gaji da wannan ba ai ba mutum ba ne." Anti ta koma wurin tela aka ƙaro ɗinki, suka koyi jera su gaban fanka a bi da dutsen guga.

Yaya ne alƙalin wankin. Birki yakan kawo masa busasshe ya miƙa, shi kuma ya kai hanci ya rufe ido. Wani lokaci ya ce, "Sabulu ya yi yawa." Wani lokaci, "Wannan bai ga rana sosai ba." Ranar da ya shaƙa ya sake shaƙa, sannan ya ce, "Ba na jin komai," Birki ya fita tsakar gida yana murmushi shi kaɗai.

A makon nan Yaya ya ce a goge masa fararen kayansa, yana son ganin shago. Birki ya aro motar wani tsohon abokin aikinsa, ya saka safaya a jakar hannu da leda mai ɗaurewa. Layin 'yan turare ya ruɗe da gaisuwa. Aka ba Yaya kujerarsa, aka dinga kawo masa sababbin kwalabe yana faɗin ra'ayinsa. Birki yana gefe, idonsa a kan wansa. Da ya ga ya fara gyara zama yana ɗan matse gwiwa, sai ya sunkuya ya ce, "Yaya, zo mu duba taya." Suka shiga ɗan ɗakin ajiya na bayan shago, suka fito, hira ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tun daga ranar suke zuwa duk sanda jiki ya yarda.

'Yar Yaya ta zo da hutun makaranta. A waya kullum ce mata ake komai lafiya, ita kuma ta ɗauka wani mai wanki aka ɗauka. Da safe ta fito da buta, sai ta ga baffanta tsugune a bakin famfo, hannu cikin bokiti. Ta tsaya ta kasa motsi. Sannan ta ajiye butar ta zo ta kama bakin bokitin.

"Baffa, ba ni. Don Allah ba ni. Mahaifina ne."

"Wana ne kafin ya zama mahaifinki," in ji shi, yana ƙoƙarin rage murya. "Saki. In ya leƙo ya gan ki a nan, yau ba zai ci abinci ba."

Tana kuka ta ce to me za ta yi, ita ma tana son ta yi wani abu.

"Share fuskarki. Ki dafa masa shayi a babban kofi, ki zauna ki yi ta ba shi labarin ɗalibanki har sai ya shanye. Ni hirata ta ƙare, duk labaran hanya ya haddace su."

Ta share fuska da gefen mayafinta ta tafi. Ba a jima ba ya ji muryarta daga ɗakin, tana kwaikwayon wani ɗalibi da ya zo makaranta da takalman ƙafa ɗaya, Yaya yana tambayarta yaya aka yi ya iso. Birki ya zubar da ruwan, ya tari sabo.