Matsalar Ranar Laraba

A makarantar babu mai kiransa da ainihin sunansa. Sabon Labari ake ce masa, tun daga maigadi har shugabar makaranta, wadda sai ta ciji leɓe kafin ta tuno abin da ke rubuce a takardar aikinsa. Shi ya jawo wa kansa sunan. Kullum da safe, tun kafin ya ajiye jaka, zai leƙa ɗakin malamai ya tambaya ko sun ji sabon labari. Kuma labarin nan ba na siyasa ba ne, ba na ƙwallo ba. Na kwamfuta ne, kullum na kwamfuta.

Shekararsa hamsin da bakwai. Da tafireta ya fara aiki a ofishin makarantar, da aka kawo kwamfutoci sai aka ga shi kaɗai ne ba ya tsoron taɓa su, aka miƙa masa makullin ɗakin. Ɗakin yana can ƙarshen baranda, bayan sito. Kwamfuta goma sha ɗaya ce a ciki, bakwai ke tashi, sauran huɗun ya lulluɓe su da tsohon labule yana cirar kayan gyara a jikinsu. Taga ɗaya ce, ita ma katanga take kallo.

Ra'ayi kuwa, Allah ya hore masa. A wajensa wayar da ba a iya cire mata batir ba taka ba ce, aro aka ba ka. Abin da ake kira ajiya a gajimare kuma, cewa yake babu wani gajimare, kwamfutar wani ƙato ce a wata ƙasa, ranar da ya ga dama ya kashe kayarsa. Da aka shigo da manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum, ya gwada ɗaya na mako guda, ya dawo ya ce ta cika ladabi, kuma shi bai yarda da mai ladabin da bai taɓa cewa bai sani ba. Amma inda bakinsa ya fi zaƙi shi ne buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda masu ita ke sakin ta kyauta tare da duk rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya duba, kowa ya gyara. Sauran manhajoji, in ji shi, mota ce da aka like wa bonet da walda.

Malamai kan ce masa to, madalla, idonsu na kan littattafan da suke maki. Malamin Lissafi ne kaɗai ke tanka masa, shi ma don tsokana. Sai ya bari mutumin ya yi nisa, ya ɗauko zancen bonet da walda, sannan ya tambaye shi ko firinta ta warke. A yi dariya, Sabon Labari ma ya yi, ya ɗauki kofin shayinsa ya koma ƙarshen baranda.

Gida ma ba ta sauya zane ba. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Ita ce mai sauraronsa, ko da yake ba ta taɓa gane ko kalma ɗaya ba; tana yankan albasa yana zuba, in ya tsaya ta ce ina jin ka. 'Yarsu tilo, wadda yake kira Mamana, tana aure a wani gari mai nisa. Takan kira ranar Asabar, ta tambayi ƙafarsa da maganinsa, da ya ɗauko zancen wata sabuwar waya sai ta yi dariya ta ce Baba ka fara, yaro na kuka, sai an jima.

Mutum ɗaya ne a duniya ke karanta maganarsa har ƙarshe, kuma bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Ga yadda abin yake. Babban aikin Sabon Labari a farkon kowane zango shi ne jadawalin darussa: aji goma sha huɗu, malamai ashirin da uku, wannan ba ya zuwa ranar Alhamis, waccan tana shayarwa sai bayan ƙarfe tara. Da can mako biyu yake yi da fensir da abin gogewa. Sai ya tsinci wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja a intanet, ka zuba mata sunaye da sharuɗɗa, ka danna, ta fitar da jadawali babu karo. Mutum ɗaya ya rubuta ta, shi kaɗai yake kula da ita, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya a wata ƙasa. Sabon Labari ya raɗa masa Tsoho.

Manhajar tana da shafi inda masu amfani da ita ke kai ƙorafi in sun ga matsala. Kai ƙorafin ma da tsarinsa: ka faɗi abin da ka yi, ka faɗi abin da ka sa ran gani, ka faɗi abin da ya faru. Sabon Labari ya iya wannan fiye da kowa, mutumin da ya shekara ashirin yana buga wasiƙun ofis. Ƙorafinsa na farko, kwana biyu Tsoho ya gyara, ya rubuto da Turanci mai sauƙi cewa bai taɓa samun bayani mai tsabta irin wannan ba. A ranar, Sabon Labari ya karanta layin nan ya fi sau goma, har shayinsa ya huce.

Daɗi ya ɗebe shi, ya buɗe sabon saƙo a shafin, ya gaida Tsoho da iyali, ya zuba masa ra'ayinsa kan wayoyin zamani shafi guda. Tsoho ya amsa cikin mutunci cewa nan wurin matsala ne kawai, ya rufe saƙon. Kunya ta kama shi kamar ya nutse. Amma ya gano wata dabara: in ya kai ƙorafi na gaske, sai ya liƙa ra'ayinsa a ƙasa, layi biyu ko uku, kamar wutsiya. Tsoho kuwa in ya gama bayanin gyara, sai ya amsa wutsiyar. Wani lokaci ya yarda, wani lokaci ya ce sam, har ya kawo hujja. Musu na gaske, da mutumin da ya san abin da ake faɗa! Ta haka ya san Tsoho na da jikoki uku da ciwon gwiwa, kuma shi ma bai yarda da gajimare ba. Shekara tara suna haka.

Matsalar ita ce, duk ƙorafin da ya kai gyarawa ake yi. Manhaja ta yi ta kyau, ta yi ta kyau, har ta daina kuskure. Wata bakwai suka wuce bai sami abin kaiwa ba. Ya zuba mata malamai ɗari na ƙarya, ta raba su lafiya. Ya ba ta sharuɗɗa masu cin karo da juna, ta gaya masa cikin ladabi cewa ba zai yiwu ba. Har tsaki ya yi mata. Labarai suka taru masa a ciki, manya-manya, babu inda zai sauke. Da rana in ɗalibai sun fita sai ya buɗe shafin ya zauna yana kallon tsofaffin hirarrakinsu, fanka na ƙara a kansa. Kewa ce ta dame shi, ba wani abu ba.

Wata Talata, bayan tashi, ya rubuta ƙorafin ƙarya.

Ya tsara shi yadda ya saba. Ya ce in malami yana da aji biyu kuma ba ya zuwa Alhamis, manhajar kan saka shi a azuzuwan biyu lokaci guda, ranar Laraba, darasi na uku. Sannan ya ƙara kalmomin da ya san nauyinsu sarai: ba kullum ba, wani lokaci. Ya san matsalar da ke zuwa ta ɓace ita ta fi wuyar kamawa, kuma ita ta fi jan magana. A ƙasa ya liƙa wutsiyarsa, kan manhajoji masu amsa tambaya. Ya ce wa kansa ai ba zagi ba ne, ba sata ba, ɗan tsokana ne tsakanin abokai.

Washegari amsa ta zo. Tsoho ya ce ya gwada sau arba'in bai gani ba, ko za a turo masa hoton jadawalin? A nan ya kamata mutumin kirki ya tsaya. Ina! Sabon Labari ya fitar da jadawali mai kyau, ya sauya suna ɗaya da hannunsa, ya ɗauki hoton allon ya tura. Ko ɗar bai ji ba, abin da ya fi ba shi tsoro daga baya ke nan.

Mako biyar aka yi ana abu ɗaya, kuma in za a faɗi gaskiya, ya daɗe bai ji daɗin rayuwa irin na makonnin nan ba. Kusan kullum da saƙo. Tsoho ya turo gyara, ya ce a gwada. Sabon Labari ya jira kwana biyu don abin ya yi kama da gaske, ya ce ta sake yi. Wutsiyoyi suka yi tsawo. Har aski ya je ya yi, har Malamin Lissafi ya tambaye shi ko aure zai ƙara. Mamana ma ta ce muryarsa ta washe a waya, ya ce mata aiki ne ke tafiya daidai.

A mako na biyar Tsoho ya rubuta cewa ya karanta sashen rubutun manhajar da ke raba darussa layi-layi sau uku, idonsa na ruwa, kuma ya fara mantuwa, jiya ma ya nemi tabarau alhali yana fuskarsa. Sabon Labari ya karanta. Ya fara rubuta cewa matsalar ta daina, a bar ta. Sai ya tuna watanni bakwai ɗin nan. Ya goge, ya rubuta cewa a yi a hankali, babu gaggawa, ya ɗora ra'ayinsa kan tabarau masu kyamara. Ya yanke a ransa mako mai zuwa zai kashe maganar.

Mako mai zuwan ya zo babu saƙo. Na bayansa ma shiru.

Ranar Litinin ta farkon sabon zango ya buɗe shafin da safe, ya ga wani dogon layi ruwan ɗorawa a sama, da sanarwa a ƙarƙashinsa. Tsoho ya ajiye aikin. Ya gode wa duk wanda ya yi amfani da manhajar, ya ce rubutunta na nan a buɗe, mai so ya ɗauka ya ci gaba. Sai sakin layi na ƙarshe:

“Akwai wani malami da ya shekara tara yana turo mini ƙorafi, bai taɓa kuskure ko sau ɗaya ba. Ya nuna mini matsala, har da hoto, na yi mako biyar ban gan ta ba. Da wani ne, da na ce shi ya ruɗe. Tunda shi ne, na san kaina ne ya gaji. 'Ya'yana sun daɗe suna faɗa mini, yanzu na yarda. Abokina, ka yafe mini, ban iya gyara maka ba.”

Sabon Labari ya cire tabaransa ya ajiye a kan kibod. A waje ana ta jan benci, ɗalibai na neman sababbin azuzuwansu. Abokina. Shekara tara Tsoho bai taɓa kiransa haka ba sai yau.

Ya jawo kujera ya fara neman inda zai rubuta. Akwatin saƙon da ya saba gani a ƙasan shafi babu shi. An kulle shafin, sai dai karatu. Ya koma ƙorafinsa na Laraba, nan ma a kulle. Ya shiga cikin fayilolin manhajar yana tonawa har ya samo wani tsohon adireshin imel a saman ɗaya daga ciki. Ya rubuta, kuma karon farko bai bi tsari ba. Ya ce ƙarya na yi, hoton ni na sauya shi da hannuna, kanka lafiya lau, manhajarka ba ta da aibu, ni ne ba ni da wanda zan yi wa magana. Ya tura. Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙon ya dawo masa, wai babu mai wannan adireshi.

Ya sake turawa, ya sake dawowa.

Ana cikin haka Malamin Lissafi ya leƙo, alli a hannu, ya ce shugaba na jiran jadawali, malamai sun yi cirko-cirko a baranda ba su san inda za su shiga ba. Ya dubi fuskarsa, ya ɗan rage murya.

“Lafiya dai, Malam?”

“Lafiya. Ga shi nan zuwa.”

Ya buɗe manhajar, ya zuba sunaye ashirin da uku, da wanda ba ya zuwa Alhamis, da mai shayarwa. Ya danna. Kafin ya mayar da tabaransa ta gama. Ya bi ranar Laraba da yatsa a jikin allo, aji ɗaya bayan ɗaya, tun daga na farko har na goma sha huɗu, yana addu'a a ransa Allah ya sa ya ga malami ɗaya a wuri biyu, ko da sau ɗaya ne, don maganarsa ta zama gaskiya. Kowa yana ajinsa.