Fuskar Baba Wanzam

Jama'ar Sabo, wa ya manta yadda Baba Wanzam ke amsa gaisuwa? Kana cewa "ina kwana", zai kama haɓarka ya juya fuskarka wajen haske, ya karanta tsagar kumatunka tukuna. Sannan ka ji, "Lafiya lau, jikan masunta."

Wani dillalin shanu ya taɓa bugun ƙirji a rumfarsa, wai shi ɗan birnin Kano ne gaba da baya. Baba ya leƙa kuncinsa ya ce, "Alhaji, wanda ya yi maka wannan tsagar ko ganuwa bai taɓa hangowa ba. Kakanka rijiya yake haƙa a ƙauye. Sunkuyo in gama."

Direbobin goro kuwa sun sha wuya. Sai ya aske rabin kai ya naɗe askarsa.

"Idan ka bi ta ƙauyen su wane, tambayo min sunan kakarsa ta wajen uwa. Ka dawo mu ƙarasa."

"Haba Baba! Da rabin kai?"

"Hula fa, don me aka yi ta?"

Wallahi akwai wanda ya je Gusau ya dawo bai cire hula ba ko a wanka!

Mun daɗe muna yi masa dariya, har shekarar da ƙasa ta rikice ana shirin yaƙi, kowa na tura iyalinsa arewa. Ni a nan Sabo, unguwar Hausawa a kudu, aka haife ni, fuskata sumul ba tsaga, mahaifina ya rasu bai taɓa faɗa min garinsu ba. Ga matata da tsohon ciki. Ina zan kai ta?

Na je wurin Baba ba wasa a bakina. Ya ɗauki sakaina da gawayi ya ja layi uku, ya gitta ɗaya.

"Shekara ashirin ina aske ubanka. Ga fuskarsa. Ka nemi Gidan Bagaruwa a ƙasar Katsina, ka tambayi gidan marina."

Kafin mu tashi na ce masa, "Baba, kai fa? Wane gari za ka?"

Ya shafa kuncinsa. Sai ran nan na lura ashe shi ma ko ɗigo babu.

"Fatake ne suka tsince ni a hanya ina jariri, ɗana. Na duba fuskar kowa ko zan ga mai kama da ni. Je ka, mota za ta tashi."

A ƙauyen, wata tsohuwa ta karɓi sakainar ta kara a kuncinta, layi ya hau layi. Ta ce, "Ɗan Mamman ne!" Ta fashe da kuka. A ɗakinta aka haifi ɗana na fari.

Muka dawo bayan yaƙi, muka tarar Baba Wanzam ya rasu, har an yi arba'in ɗinsa.

Allah, ga bawanka da ya nuna wa kowa gida. Ka ba shi nasa, Ka haɗa shi da danginsa a Aljanna. Amin.